Minti Hamsin a Filin Makaranta: Sanin Bala'i da Shirin Tsira Daga Gare Shi

Da ƙarfe 2:46 na ranar Juma'a, 11 ga watan Maris na 2011, ƙasa ta girgiza a arewa maso gabashin Japan da ƙarfin maki 9, kuma kafin a cika sa'a guda ruwan teku ya taso ya hau kan garuruwa. Waɗanda suka rasu ko suka ɓace sun haura 18,000. A cikin labaran wannan rana akwai na makarantu biyu da ke gaɓar teku ɗaya, waɗanda ya kamata duk mai magana kan shirya ɗalibai don fuskantar bala'i ya jera su ya dube su tare. Japan ƙasa ce da yaro ke fara koyon shiga ƙarƙashin tebur tun yana ajin renon yara, kuma kowace ranar 1 ga Satumba ana atisaye a faɗin ƙasar don tunawa da girgizar da ta rusa Tokyo a 1923. Babu ɗalibin da bai san kalmar tsunami ba a makarantun nan biyu. Duk da haka a ɗaya mafi yawansu suka mutu, a ɗayar kuma kusan kowa ya tsira.

Makarantar firamare ta Okawa tana cikin yankin birnin Ishinomaki, a bakin kogin Kitakami, kimanin kilomita huɗu daga teku. Da girgizar ta lafa, malamai suka fito da yara fili, suka jera su, suka kira sunaye, kamar dai yadda aka saba. Daga nan sai aka tsaya. A bayan makarantar akwai tsauni da yaro zai iya hawa cikin 'yan mintuna, amma malamai na tsoron zaftarewar ƙasa da faɗuwar itatuwa, ga taswirar hukuma ba ta sanya makarantar cikin wuraren da ruwa zai kai ba, ga kuma kundin tsare-tsaren makarantar bai faɗi takamaiman inda za a nufa ba, illa ya ambaci fili ko wurin shaƙatawa da ke kusa. Aka shafe kusan minti hamsin ana shawara. Yaran da suka tsira sun ba da shaidar cewa wasu 'yan'uwansu sun roƙi a hau tsaunin. Da aka tashi tafiya, sai aka nufi wani ɗan tudu kusa da gada, wato wajen kogin da ruwan ke biyowa. Ɗalibai 74 cikin 108 na makarantar suka halaka, tare da malamai goma.

A Kamaishi kuwa, a unguwar Unosumai, akwai ƙaramar sakandare da firamare suna maƙwabtaka, su ma taswirar ba ta nuna ruwa zai kai gare su ba. 'Yan firamaren an fara hayar da su hawa na uku na benensu. Sai suka hango 'yan sakandare sun fito da gudu suna ihun tsunami na tafe, suka sauko suka bi su. Manya suka riƙe hannun ƙanana har wurin da aka keɓe don taruwa, da suka ga gefen dutsen wurin yana zubewa sai suka ƙara gaba, suka sake ƙarawa. Ruwa ya cinye wurin farkon, kuma daga baya an iske mota maƙale a hawa na ukun da yaran suka bari. Garin ya yi asarar mutum fiye da dubu, amma cikin ɗalibansa na firamare da ƙaramar sakandare kusan 3,000, biyar ne suka rasu. Jaridu suka kira abin mu'ujizar Kamaishi, sunan da mutanen garin ba su ji daɗinsa ba, domin abin da ya faru sakamakon aikin shekaru ne da Farfesa Toshitaka Katada, wanda a lokacin yake Jami'ar Gunma, ya yi tare da malaman garin.

Abin da nake son kafawa a kan waɗannan labarai shi ne, ilimin da ake aunawa a takardar jarrabawa da shirin da ke ceton rai abubuwa biyu ne, kuma na farkon ba ya haifar da na biyun da kansa. Ɗan Adam idan abin tsoro ya auko, ɗabi'arsa ta farko ita ce ya tsaya ya dubi na kusa da shi, ya nemi ƙarin tabbaci, ya gaya wa kansa cewa abin ba zai kai nan ba. Yaro kuma yana da ƙarin tarnaƙi, don an hore shi kada ya motsa sai babba ya ce. Abin da ke karya wannan tsaiko shi ne a ce an riga an yanke shawarar inda za a nufa tun ana zaune lafiya, ƙafafu sun taka hanyar sau da yawa har sun san ta, kuma an ba yaron izini tun da wuri cewa idan ya ga alama ya tashi ko da babu wanda ya umarce shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malaman Okawa ba jahilai ba ne, ba kuma marasa tausayi ba, tare da yaran suka mutu. An dai bar musu shawarar da ya kamata a yanke shekaru kafin ranar, su yanke ta a cikin firgici, kowa yana tsoron ɗaukar alhakin kuskure.

Akwai wani darasi a koyarwar Katada da ke da wuyar haɗiya ga hukumomi. Ya koya wa yara kada su ɗauki taswirar haɗari a matsayin hukuncin ƙarshe, domin ƙiyasi ce da mutum ya zana bisa abin da ya gabata, kuma ruwa ba ya karanta taswira. Garin Kamaishi na da katangar tare igiyar ruwa da aka shafe kusan shekara talatin ana ginawa, aka kammala a 2009, wadda ta shiga kundin tarihi saboda zurfinta, amma ruwan ya karya ta. Haka kuma a wannan unguwa ta Unosumai akwai wata cibiyar hukuma da ba a keɓe ta don gudun tsunami ba, sai dai an riƙa yin atisaye a cikinta saboda ta fi kusa, ta fi sauƙi ga tsofaffi. Ranar da abin ya zo, ƙafafun mutane suka kai su inda suka saba, fiye da ɗari suka mutu a ciki. Wannan ya isa gargaɗi ga duk mai ɗokin a ce makarantarsa ta yi atisaye don a ɗauki hoto. Atisayen da ke kai yara wurin da ba tsira ba ne ya fi rashinsa haɗari, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sannan duk horon da aka ba yaro, gini ne ke yanke hukunci idan ya rufta kafin a kai ƙofa. A girgizar ƙasar Sichuan ta China, ranar 12 ga Mayu 2008, alƙaluman gwamnati sun ce ɗalibai 5,335 ne suka rasu ko suka ɓace, da yawansu a ƙarƙashin azuzuwan da aka gina da algus. A wannan lardi, shugaban sakandaren Sangzao, Ye Zhiping, ya shafe shekaru yana neman kuɗi yana ƙarfafa ginshiƙan wani tsohon bene, yana kuma sa ɗalibai atisaye kowane zango. Ɗalibansa fiye da dubu biyu suka fito fili cikin minti ɗaya da daƙiƙa 36, ba a rasa ko ɗaya ba. A birnin Meziko kuwa, ranar 19 ga Satumba 2017, an yi atisayen ƙasa baki ɗaya da safe, bayan sa'o'i biyu girgiza ta zo, makarantar Enrique Rébsamen da aka ɗora wa ƙarin gini a sama ta rushe, yara 19 da manya bakwai suka mutu. Yaran sun san abin da za su yi, ginin ne bai ba su lokaci ba.

Mai karatu a Haɗeja ko Maraɗi zai iya cewa mu ba mu da teku, ƙasarmu kuma ba ta girgiza, to ina ruwanmu? Ruwanmu kuwa shi ne ruwa. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Najeriya ta raba fiye da miliyan biyu da muhallinsu. Ta 2022 ta kashe fiye da 600, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara talatin cif bayan makamancin haka a 1994. A daminar 2024 ɗin Nijar ta rasa mutum fiye da 300, tsohon masallacin Damagaram ya faɗi, gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwa sun lalace, wasu kuma waɗanda ambaliya ta kora ne ke kwana a ciki. Ga iskar farkon damina mai yaye kwanon rufi, ga aradu, ga zafin bazara da ke sumar da yara a aji mai ɗalibi ɗari. Waɗannan duk suna zuwa a lokutan da aka sani, wasunsu ma hukumar NiMet da ta NIHSA suna fitar da hasashensu watanni kafin su iso, har da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari.

To me ɗalibinmu ya sani game da su? Wanda ya karanci labarin ƙasa zai iya jero dalilan ambaliya, ya ambaci sare itatuwa da toshe magudanan ruwa da gini a kan hanyar ruwa, ya zana dutse mai aman wuta da bai taɓa gani ba, ya ci maki a jarrabawar WAEC. A tambaye shi wane wuri ne ya fi tudu a unguwarsu, ta wace hanya ake kai wa gare shi ba tare da tsallaka kwalbati ko rafi ba, wa zai ɗauki ƙaninsa, wa zai riƙe kakarsa makauniya, sai a ji shiru. Abubuwan da ke ceton rai a irin bala'inmu ba su da yawa, kuma yaro ɗan shekara takwas zai riƙe su. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato da kaɗan ya haura idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai gwiwa kuma yana tafiya da mota. Ginin ƙasa da ya sha marka kwana biyu, gindinsa ya jiƙe, ba wurin kwana ba ne, kuma a ƙauyukanmu faɗuwar ɗaki tana kashe mutane kamar yadda nutsewa ke yi. Gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili shi ne mafi munin mafaka idan ana tsawa, ga shi kuwa nan ne yaro mai kiwo ke fara nufa. Bayan ruwa ya janye, rijiyar da ya shiga ta haɗu da abin da ya kwaso daga masai, daga nan amai da gudawa ke farawa. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar ɗakin gwaje-gwaje.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan wannan ra'ayi ita ce, ambaliyarmu ba ta cika samun yara a aji ba. Takan zo da dare ko da asuba, kuma ta fi tsanani a Agusta da Satumba lokacin da makarantun boko ke dogon hutu, don haka me atisayen makaranta zai amfana? Hujjar tana da gaskiya, amma abin da take nunawa shi ne irin darasin da ya dace, wato wanda yaro zai tafi da shi gida. A Kamaishi ma akwai wata firamare da aka tashi yaranta 184 da wuri a ranar, suna warwatse a gidaje da wuraren wasa, kuma dukkansu sun tsira, wasu har da jan kakanninsu da suka ƙi tashi. Katada ya koma kan yara ne bayan ya lura manya ba sa zuwa laccocinsa, ya ga cewa ta hannun ɗa ake shiga gidan da ba a buɗe wa jami'i ƙofa. Tsibirin Simeulue na Indonesiya ya ba da shaida ta wata fuskar. Bayan tsunami ta 1907, mutanensa suka riƙa gaya wa 'ya'yansu a labari da waƙar reno cewa idan ƙasa ta girgiza teku ta ja baya, a gudu kan tudu. A tsunamin 2004, tsibirin yana dab da inda girgizar da ta haddasa ta ta taso, amma mutum bakwai kawai suka rasu cikin kusan 78,000. Tsofaffin garuruwanmu na bakin gulbi suna da irin wannan sani, sun san inda ruwa ya tsaya a shekarar kaza da fadamar da ba a gini a cikinta. Makarantar da za ta gayyaci dattijo ya zagaya da 'yan aji biyar ya nuna musu waɗannan alamomi ta yi darasin labarin ƙasa da ya fi na littafi.

Wasu kuma za su ce wannan duk wahalar da kai ce, abin da Allah ya ƙaddara babu mai hana shi. Imani da ƙaddara ginshiƙi ne, kuma shi ke ba wanda ya rasa ɗa ko gida haƙurin ci gaba da rayuwa, ba abin da za a yi wasa da shi ba ne. Sai dai addinin da ya koyar da shi shi ne ya ba da labarin Annabi Yusuf yana tanadin hatsi a shekarun yalwa bakwai saboda shekarun fari bakwai, da Annabi Nuhu yana sassaƙa jirgi tun sama ba ta yi hadari ba, kuma tarihi ya adana yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can. Manomin da ke cewa ambaliya ƙaddara ce bai taɓa barin rumbunsa ba jinka don dogaro ga Allah. A ganina, sau da yawa wannan magana ba daga bakin talaka take fara fitowa ba, daga bakin wanda aka ba amanar gyaran madatsa ko yashe magudana take fitowa, bayan an yi jana'iza. Malaman Islamiyya da limaman Juma'a su suka fi kowa cancantar raba tsakanin tawakkali da sakaci, kuma idan suka yi, darasin zai shiga inda malamin boko ba ya kai wa.

Batun tsoratar da yara bai kai a daɗe a kansa ba. Yaron da ya kwana a kan rufi yana kallon ruwa na tafiya da akuyarsu ya riga ya tsorata, sanin abin yi ne ke rage masa fargaba.

Wanda ya fi nauyi shi ne batun kuɗi da cunkoson manhaja, da kuma zargin cewa koya wa yara gudu wata hanya ce ta sauke wa gwamnati nauyinta. Makarantar da ba ta da alli da kujeru, malaminta na bin albashi, a ce mata ta ƙara sabon darasi? Amsar ɓangaren farko ita ce ba sabon darasi ake nema ba. A Kamaishi an cusa abin ne cikin darussan da ake da su, a lissafi a auna gudun igiyar ruwa da gudun mutum, a darasin zaman jama'a a zana taswirar unguwa. Atisaye sau ɗaya a zango, da tafiya a ƙafa zuwa tudun da aka zaɓa, da haɗa kowane babban ɗalibi da ƙaramin da zai riƙe, kuɗinsu bai kai na bikin yaye ɗalibai ba. Bangladesh, wadda ba ta fi mu wadata ba lokacin da ta fara, ta rasa aƙalla mutum 300,000 a guguwar 1970, ta kafa rundunar 'yan sa-kai masu lasifika, ta gina mafaka da ke zama azuzuwa a ranakun lafiya, kuma guguwar Sidr ta 2007 mai kwatankwacin ƙarfi ta kashe dubbai kaɗan. Ɓangare na biyu kuwa gaskiya ne ɗari bisa ɗari, kuma kotunan Japan sun tsaya a kansa. Iyayen yara 23 na Okawa sun kai ƙara, a 2018 babbar kotun Sendai ta yanke cewa laifin ya faro tun kafin ranar, lokacin da makaranta da hukumar ilimi suka kasa fayyace wurin tsira, kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2019, aka biya diyyar kimanin yen biliyan 1.4. Ma'anar hukuncin ita ce shirin ɗalibi nauyi ne a wuyan manya. Wutar da ta cinye azuzuwan zana a Yamai a Afrilun 2021 da kuma Maraɗi a Nuwamban shekarar, inda yara fiye da arba'in suka ƙone, ba bala'in damina ba ce, amma tambayar da ta bari ɗaya ce da ta Sichuan: wa ya amince a zuba yara a wurin da ba a iya fita daga cikinsa?

Saura waɗanda kalmar ɗalibi ba ta cika tunawa da su ba idan ana rubuta tsare-tsare a ofis. Yara fiye da miliyan goma ne ba sa zuwa makarantar boko a Najeriya, mafi yawansu a Arewa, kuma da yawa suna tsangayu, inda babu dogon hutun Agusta, inda kuma nan suke kwana. Almajiri shi ne ɗalibin da ambaliyar dare ke samu a makaranta, sau da yawa a zaure ko rumfa a gefen gari inda fili ya fi araha saboda kwari ne, a garin da ba nasu ba, bai san tudunsa da gangarensa ba. Ambaliyar da ta afka wa Mokwa da asubahin 29 ga Mayu 2025 ta kashe fiye da mutum 150, ta fi ɓarna a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, kuma akwai almajirai a cikin waɗanda ruwan ya tafi da su. Tsangaya tana da tsarin da atisaye ke buƙata tun asali, akwai alaramma da ake jin maganarsa, akwai gardawa da kowannensu ya san ƙolayen da ke ƙarƙashinsa. Abin da ya rage shi ne jami'in hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) ko mai unguwa ya zauna da alaramma su tsayar da wurin da za a nufa da wanda zai tada kowa. Lokacin yin haka, ga tsangaya da boko duka, shi ne tsakanin Afrilu da Yuni, bayan hasashen damina ya fito, zango na uku yana gudana, rafuka kuma ba su kawo ba balle su hana a taka hanyar a gani ko tana kai wa.